Aladun da Ke Iyo a Tekun Bahamas: Tambayoyi da Amsoshi Ga Mai Niyyar Ziyara

Hotunan aladu suna iyo a cikin ruwan teku mai haske kamar gilashi sun daɗe suna yawo a Facebook da Instagram, kuma da yawa daga cikin masu ganinsu kan ɗauka haɗa su aka yi da kwamfuta. Hotunan na gaskiya ne, wurin ma yana nan, kuma dubban mutane suna biyan kuɗi mai yawa kowace shekara don su je su gani da idanunsu. Ga amsoshin tambayoyin da aka fi yi a kan wurin, tun daga asalin dabbobin har zuwa abin da ya shafi mai tafiya daga ƙasashenmu.

A ina tsibirin yake, kuma me mutum zai tarar idan ya isa?

Sunan tsibirin Big Major Cay, yana cikin yankin Exuma na ƙasar Bahamas, wadda tarin tsibirai ce kimanin 700 a tekun Atilantika, kudu maso gabas da jihar Filorida ta Amurka, arewa da Kyuba. Kalmar da ke ƙarshen sunan ana furta ta ne “ki”, ma'anarta ƙaramin tsibiri, kuma Exuma jerin irin waɗannan ƙananan tsibirai ne kimanin 365 da suka miƙe kamar carbi. Babu mutum ko ɗaya da ke zaune a Big Major Cay. Gari mafi kusa shi ne Staniel Cay, wanda mazaunansa ba su wuce ɗari da 'yan kai ba, kuma tsakaninsu tafiyar 'yan mintuna ce a kwalekwale mai inji. Daga Nassau, babban birnin ƙasar, nisan ya kai kimanin kilomita 130.

Abin da baƙo zai fara gani shi ne farin rairayi, da 'yan gajerun itatuwa a bayansa, da ruwa marar zurfi wanda ana hango ƙasansa. Da zarar direban kwalekwale ya rage wuta, sai a ga manyan aladun sun taso daga inuwa sun nufo ruwa, domin sun riga sun san ƙarar inji tana nufin abinci. Suna shiga ruwan har ya shanye ƙafafunsu, sannan su ɗaga hanci sama, kunnuwa a kwance, ƙafafu huɗu suna ta aiki a ƙarƙashin ruwa, su kewaye kwalekwalen baki a buɗe. Wani babba a cikinsu kan ɗora kofatonsa a gefen jirgin har a ji yana kankare fenti. Ƙananan 'ya'yan kuwa yawanci suna tsayawa a bakin gaɓa, suna jira a sauko musu. Yawan aladun yana hawa yana sauka saboda haihuwa da mutuwa da kuma waɗanda ake kwashewa, amma an fi ambaton kimanin ashirin zuwa sama.

Alade yana iyo da kansa ne, ko horar da waɗannan aka yi?

Alade dabba ce mai iya iyo tun asali, kamar yawancin dabbobi masu ƙafa huɗu, kuma kitsen jikinsa yana taimaka masa ya taso saman ruwa. An san aladun daji suna ƙetare koguna da mashigin teku a sassan duniya daban-daban. Abin da aladun Big Major Cay suka koya shi ne alaƙar kwalekwale da abinci: tun lokacin da masu jiragen ruwan shaƙatawa suka fara jefa musu ragowar abinci, wanda ya riga zuwa jirgi shi ke samun kaso mafi tsoka, kuma 'ya'yan da aka haifa a wurin sun tashi suna ganin iyayensu suna yin haka. Saboda haka yunwa da sabo ne suke kai su ruwa. Akwai kuma dalilin zafi, domin alade ba ya yin gumi yadda zai sanyaya jikinsa, shi ya sa a ko'ina ake ganinsa yana birgima a taɓo.

Ta yaya aladu suka je tsibirin da babu kowa?

Akwai labarai da dama, kuma masu jan ragamar baƙi sun fi son waɗanda suka fi daɗin ji. Na farko ya ce wasu matuƙan jirgin ruwa ne suka ajiye su da niyyar su dawo su yanka, sai ba su dawo ba. Na biyu ya ce jirgi ne ya nutse a kusa, aladun da ke ciki suka yi iyo suka tsira. Labarin farko yana da tushe a tarihin yankin gaba ɗaya, domin alade ba ɗan asalin wannan ɓangare na duniya ba ne. Kolumbus, Baturen matuƙin jirgin ruwa da ya sauka a ɗaya daga cikin tsibiran Bahamas a 1492, shi ne ya kawo aladu yankin a tafiyarsa ta biyu a 1493, kuma Sifaniyawan da suka biyo bayansa sun saba sakin aladu a tsibirai don su hayayyafa, jiragen da za su wuce daga baya su sami nama. Sai dai wannan tsohon tarihi bai dace da aladun Big Major Cay ba, waɗanda mutanen yankin da ke raye yanzu suna tuna lokacin da babu su.

Bayanin da ya fi kama hankali shi ne wanda mazauna Staniel Cay suke bayarwa: aladun kiwo ne da aka kai tsibirin a shekarun 1990. Wasu sun ce maƙwabta ne suka koka da wari, sai masu kiwon suka kwashe dabbobinsu zuwa tsibirin da ke kusa inda ba za su dami kowa ba, suna zuwa da kwalekwale suna kai musu abinci. Wani mutumin yankin kuma ya sha gaya wa 'yan jarida cewa shi da abokinsa ne suka kai 'yan aladu kaɗan a ƙarshen shekarun 1990, lokacin da ake fargabar kwamfutocin duniya za su rikice idan shekarar 2000 ta kama, don su sami abin ci idan jiragen da ke kawo kaya daga Amurka suka daina zuwa. Wannan fargaba ba abin mamaki ba ce ga ƙasar da take shigo da mafi yawan abincinta daga waje. Ko wanne aka ɗauka daga cikin bayanan nan biyu, ƙarshensu ɗaya ne, wato mutane ne suka kai su, kuma ba da daɗewa ba.

To, aladun daji ne ko na gida?

Wannan ita ce tambayar da ta fi muhimmanci a wurina, domin amsarta ce take nuna yadda ya kamata baƙo ya ɗauki dabbobin. Jininsu na aladun gida ne, kamar yadda launinsu yake nunawa: akwai ja-ja, akwai masu dabbare-dabbaren baƙi da fari, akwai masu ruwan ƙasa. Ba a killace suke ba, suna yawo yadda suka ga dama, suna haihuwa a cikin kurmin tsibirin, shi ya sa ake kiransu sakakku. Amma tsibirin ba zai iya riƙe su ba idan aka bar su da shi. Ƙasar Bahamas dutsen farar ƙasa ce mai shanye ruwa, babu koguna a cikinta, kuma ruwan daɗin da ake samu a ƙananan tsibirai bai wuce 'yan kududdufai da ramukan da ruwan sama ke taruwa ba, waɗanda sukan ƙafe idan rani ya yi tsawo. Ciyawa da saiwoyi da 'ya'yan itacen da ke wurin ba za su ƙosar da garken manyan aladu ba.

Saboda haka akwai mutanen yankin da suka ɗauki nauyin kai musu ruwan sha da abincin dabbobi, da gina musu rumfuna don inuwa, da kiran likitan dabbobi idan buƙata ta taso, da killace su idan guguwa ta tunkaro. Mai kallon hoto yana ganin dabba mai walwala a tsibirin da babu kowa, alhali rayuwarta tana rataye ne ga kwalekwalen da ke kawo ruwa da kuma abin da baƙi suke miƙa mata.

Me ya faru a 2017 da aka ce wasu sun mutu?

A watan Fabrairun 2017 aka tarar da gawarwakin aladu kimanin bakwai a tsibirin, kuma labarin ya bazu a kafafen yaɗa labarai na duniya. Zargin farko ya faɗa kan baƙi, domin an sha ganin wasu suna ɗura wa aladun giya don nishaɗi, wasu ma suna hawa bayansu. Da likitocin dabbobi suka duba gawarwakin, sai suka tarar da rairayi mai yawa a cikin cikinsu. Yadda abin yake faruwa a fili yake: baƙo ya jefa guntun burodi ko ɗan 'ya'yan itace a kan gaɓa, alade ya sa baki ya kwashe shi tare da rairayin da ya manne, a maimaita haka sau ɗari a yini ɗaya, a kuma ci gaba da yi wata da watanni, har rairayin ya taru ya toshe hanji. An kuma lura cewa lokacin ya zo daidai da ƙarancin ruwan sama, wanda ya rage ruwan daɗin da suke sha. Likitocin dabbobi sun san cewa alade yana cikin dabbobin da gishiri ke saurin yi wa illa idan bai sami isasshen ruwan sha ba, ga shi kuwa waɗannan suna haɗiyar ruwan teku duk lokacin da suka buɗe baki don karɓar abinci.

Abin takaicin shi ne yawancin waɗanda suka jawo wannan ba mugaye ba ne, mutane ne da suka zo da murna suna ganin alheri suke yi. Bayan abin ya faru hukumomin ƙasar da masu kula da aladun sun ƙara sa ido a kan yadda ake ciyar da su, aka kafa alluna masu ɗauke da ƙa'idoji, aka inganta wurin shan ruwa. Sai dai tsibiri ne buɗaɗɗe, jirage suna zuwa daga ko'ina, kuma bin ƙa'ida ya dogara ƙwarai ga direban kwalekwale da mutanen da ya ɗauko.

Me ya dace a ba su, kuma ta yaya?

Ɗanyen kayan lambu da 'ya'yan itace su ne suka dace, irin su karas, da kankana, da tuffa, da latas. A guji ba su abincin gwangwani, da soyayyen abu mai gishiri, da alewa, da nama, balle giya. A ba su a cikin ruwa, inda abincin zai taso sama ba tare da ya taɓa rairayi ba, ko a zuba a mazubin da aka tanada. Idan mutum ya ga dama ya ɗebi ruwan sha mai kyau ya zuba musu a mazubinsu, ya yi musu abin da ya fi kowace kankana amfani. Leda da robar ruwa da igiyar kamun kifi kuwa a koma da su cikin jirgi, domin alade ba ya tantance abin da zai haɗiya.

Suna cizo?

Suna cizo, kuma an sha samun baƙin da suka koma da rauni a hannu ko a cinya ko a ɗuwawu. Babban alade yana iya fin babban mutum nauyi sau biyu, namijin yana da haure, kuma idan ya ga abinci ba ya jiran a miƙa masa cikin ladabi. Yawancin cizon yana faruwa ne a yanayi uku: idan mutum ya riƙe abinci a tsakanin yatsunsa, idan ya ɓoye abinci a bayansa ko ya juya baya yana ɗaukar hoto da jaka a hannu, da kuma idan ya ɗaga ɗan alade sama ya yi ƙara uwar tana kusa. Masu jan ragamar baƙi sukan koya wa mutane su buɗe tafin hannu biyu su nuna wa aladen cewa babu komai, kuma da yawa daga cikin dabbobin sun gane wannan alama, sai su juya su nufi wani.

Ɗaga 'ya'yan aladu don ɗaukar hoto abu ne da ya kamata a bari gaba ɗaya, domin ihun da suke yi na tsoro ne. Yara ƙanana su kasance a hannun babba ko a cikin jirgi. Wanda aka ciza ya wanke wurin da ruwa mai tsabta da sabulu nan take, ya nemi asibiti, domin bakin alade yana ɗauke da ƙwayoyin cuta, kuma akwai ƙaramin asibitin sha-ka-tafi a Staniel Cay. Ya kamata a sani kuma cewa aladun suna kashi a cikin ruwan da ake iyo, don haka mai buɗaɗɗen ciwo a jiki kada ya shiga, kuma kowa ya kiyaye kada ruwan bakin gaɓa ya shiga bakinsa.

Ni Musulmi ne. Ya halatta in je in kalle su, ko in shiga ruwan da suke ciki?

Haramcin cin naman alade a bayyane yake a cikin Alƙur'ani, a surorin Baƙara da Ma'ida da An'am da Nahli, kuma babu saɓani a kansa. Kallon dabbar da taɓa ta kuwa wani babi ne na daban, wato babin tsarki da najasa, kuma a nan malamai sun bambanta. A mazhabar Malikiyya, wadda mafi yawan Musulmin ƙasar Hausa suke bi, duk dabba mai rai jikinta mai tsarki ne, haka ma yawunta da guminta da hawayenta, kuma wannan hukunci ya haɗa da kare da alade, kamar yadda masu karatun Mukhtasar na Shehu Khalil suka sani. Fitsari da kashin dabbar da ba a cin namanta kuwa najasa ne, don haka idan suka taɓa jiki ko tufafi sai an wanke kafin salla. Malaman Shafi'iyya da Hanbaliyya da Hanafiyya suna ganin alade najasa ne shi kansa, kuma suna da nasu bayanin a kan yadda ake tsarkake abin da ya taɓa.

Game da ruwan, hadisin da ke cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik ya tabbatar da cewa ruwan teku mai tsarkakewa ne, kuma ƙa'idar da aka sani ita ce ruwa mai yawa ba ya zama najasa sai idan launinsa ko ɗanɗanonsa ko warinsa ya canza saboda najasar da ta faɗa. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tambayi malaminsa kafin ya tashi, kuma ya sani cewa ba dole ba ne ya sauka daga jirgi, domin aladun da kansu suke zuwa gefensa, ana ganinsu sarai daga inda ake zaune. Ƙyamar da yawancinmu muka tashi da ita game da wannan dabba ba abin kunya ba ce, kuma babu direban da zai tilasta wa baƙo ya shiga ruwa.

Akwai abu ɗaya da nake ganin bai kamata a manta ba. Haramcin naman dabba bai ba kowa izinin cutar da ita ba. Hadisin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta kulle har ta mutu, da na mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, sanannu ne ga duk wanda ya zauna a makarantar zaure. Wanda ya je wurin ya ga ana dukan dabba ko ana ɗura mata giya, hana wannan ɓarna yana cikin abin da addininsa ya koya masa.

Ta ina ake bi daga Najeriya ko Nijar?

Babu jirgin sama da ke tashi kai tsaye daga Afirka ta Yamma zuwa Bahamas. Hanyoyin da aka fi bi su ne ta Landan, inda ake samun jirgin Nassau kai tsaye, ko ta Amurka, musamman Miyami, wadda tafiyar kusan awa ɗaya ce tsakaninta da Nassau. Mai fasfo ɗin Najeriya yana buƙatar bizar Bahamas, kuma wahalar ba ta tsaya nan ba, domin Amurka tana neman biza ko da mutum canza jirgi kawai zai yi a filin jirginta, Birtaniya ma tana da bizar masu wucewa. Ana kuma neman katin allurar shawara daga masu fitowa daga ƙasashen da cutar take. Dokokin shige da fice suna canzawa, don haka a tabbatar da su a hukumance kafin a sayi tikiti.

Daga Nassau akwai zaɓi biyu. Ƙaramin jirgin sama yana kai mutum Staniel Cay cikin minti talatin zuwa arba'in, daga nan a hau kwalekwale. Ko kuma a shiga jirgin ruwa mai gudu wanda yake cin sama da awa biyu a zuwa, haka ma a dawowa, kuma idan teku ta tashi tafiyar tana jijjiga jiki ƙwarai, don haka ba a ba mai ciki ko mai ciwon baya shawarar bin ta. Wanda ya sauka a George Town, babban garin Exuma, zai sami jiragen da ke yin tafiyar yini guda zuwa arewa. Kuɗin irin wannan fita ɗaruruwan daloli ne ga mutum ɗaya, kuma dalar Bahamas daidai take da ta Amurka, ana karɓar kowace a ko'ina. Turanci ne harshen ƙasar.

Wane lokaci ya fi dacewa?

Daga Disamba zuwa Afrilu ne yanayi ya fi daɗi, ruwan sama kaɗan ne, amma a lokacin ne baƙi suka fi yawa kuma farashi ya fi tsada. Daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba lokacin guguwar teku ne, wadda ta fi tsanani tsakanin Agusta da Oktoba, kuma ana iya soke tafiya dare ɗaya. A cikin yini kuwa safiya ta fi, kafin jiragen Nassau su iso. Da rana ta take aladun sun ƙoshi, sun gaji, sun koma inuwa, kuma bai dace a tashe su da ƙarfi don a sami hoto ba.

Na ga ana tallan aladu masu iyo kusa da Nassau a farashi mai sauƙi. Su ne waɗannan?

Ba su ba ne. Da aka ga irin kuɗin da aladun Exuma suke jawowa, sai aka kai aladu wasu tsibirai, kamar Rose Island da ke kusa da Nassau, da No Name Cay a yankin Abaco, da wani ƙaramin tsibiri kusa da garin Spanish Wells. Wasu daga cikin wuraren nan ana kula da dabbobin da kyau, wasu kuma ƙungiyoyin kare dabbobi sun sha kokawa a kan rashin inuwa da rashin ruwa da cunkoson baƙi. Mai saye ya karanta tallan da kyau ya ga ko an ambaci Big Major Cay da sunansa, sannan ya yi wa kamfanin tambayoyi uku kafin ya biya: ina aladun suke samun ruwan sha, wane likita ne yake duba su, kuma me ake yi da waɗanda suka girma suka daina burge masu ɗaukar hoto. Kamfanin da yake da gaskiya ba zai ji haushin waɗannan tambayoyi ba.

Shin wannan sana'a tana amfanar mutanen wurin, ko dai wahalar da dabbobi ce kawai?

Yawon buɗe ido shi ne ƙashin bayan tattalin arzikin Bahamas, ƙasar da ta sami 'yancin kai daga Birtaniya a ranar 10 ga Yulin 1973, kuma mutanenta ba su wuce kimanin dubu 400 ba. A ƙananan tsibiran Exuma, inda noma ba ya yiwuwa sosai, direbobin kwalekwale da masu masauki da masu dafa abinci da masu sayar da mai duk suna cin abinci ne daga baƙin da aladun suke jawowa. Mafi yawan mutanen nan jikokin bayin da aka kwaso daga Afirka ne. An kawo kakanninsu Exuma a shekarun 1780 don noman auduga, lokacin da Turawan da suka goyi bayan Sarkin Ingila suka baro Amurka bayan yaƙin neman 'yancinta, kuma a nan ne wani bawa mai suna Pompey ya jagoranci bore a 1830, shekaru huɗu kafin a soke bauta a ƙasashen da Birtaniya ke mulka. Auduga ta gaza tun tuni, ƙasar ta gaji, kuma teku ce ta rage musu abin dogaro.

Don haka ba na ganin hana ziyarar gaba ɗaya adalci ne ga waɗannan iyalai. Abin da ya dace shi ne a taƙaita yawan jiragen da ke tsayawa a lokaci ɗaya, a tsayar da mai gadi na dindindin, a hana garken yin yawan da ya wuce kima, kuma a daina buɗe sababbin wurare. Batu na ƙarshen nan ya shafi muhalli ma, domin sakakken alade yana tone ƙasa, yana cinye ƙwan tsuntsaye da na ƙadangaru, kuma tsibiran Bahamas suna da halittun da ba a samunsu a wani wuri a duniya.

Idan ba na sha'awar kusantar alade, akwai wani abin gani a yankin?

Akwai, kuma yawancin tafiye-tafiyen yini guda suna haɗa wurare da dama. Kusa da Staniel Cay akwai kogon cikin ruwa da ake kira Thunderball Grotto, wanda ya sami sunansa daga fim ɗin James Bond na 1965 da aka ɗauki wani ɓangarensa a ciki. Ana shiga ne lokacin da ruwa ya janye, hasken rana yana saukowa ta ramukan rufin, kifaye masu launi suna kewaye mutum. A Compass Cay akwai wani nau'in kifin shak mai sanyin hali da ke taruwa a gindin gadar katako. A Bitter Guana Cay da Allen Cay akwai iguwana, wani babban ƙadangare mai kama da damo, wanda yake cikin halittun da ake fargabar ƙarewarsu. Daga arewa kuma akwai gandun ruwa da tudu na Exuma da aka kafa a 1958, mai faɗin murabba'in mil 176, inda aka hana kamun kifi da ɗaukar komai tun 1986.

Yaya batun abinci da salla?

Musulmi 'yan tsiraru ne a Bahamas, amma akwai masallaci a Nassau, a kan titin Carmichael. A ƙananan tsibirai mutum zai yi sallarsa a masaukinsa ko a bakin teku, kuma yana da kyau ya tafi da tufafi na daban a cikin leda don ya canza bayan fitowa daga ruwa. Abincin teku shi ne mafi sauƙi, musamman kifi da wani babban dodon-koɗin teku da ƙasar ta shahara da shi, wanda ake yanka shi ɗanye a haɗa da lemon tsami da albasa da barkono, ko a soya shi. A yi hattara da shinkafa da waken da ake kawowa tare da kusan kowane abinci, domin masu dafawa da yawa suna sa guntun naman alade mai gishiri a ciki don ɗanɗano, kuma wani kek da ake sayar wa baƙi a matsayin tsaraba da giyar rake ake yinsa. Idan kuɗin tafiyar ya haɗa da abincin rana, a sanar da kamfanin tun ranar da aka yi rajista, domin a tsibirin da za a tsaya cin abincin ba lallai ne a sami wani zaɓi ba.